Taki ya ishi masara amma goyo bai cika ba: ina ruwan rana da yuriya?

Tambaya daga wani manomi a Kumo, wanda kuma yake kiwon kaji: "Malam, bara na shuka masara iri ɗaya a gona ɗaya, na zuba taki daidai wa daida. Ta gefen gabas akwai jerin darbejiya da mangwaro biyu, kuma a wajen ne yara suka cika shuka, rami kusa da rami. Ganyen wajen ya fi na ko'ina duhun kore, amma goyon ƙanana ne, ƙwayar ta motse. Da na kai wa masu haɗa abincin kaji suka auna, sai suka ce ta wajen inuwar ta fi furotin. Shin inuwa ce ke ƙara furotin? Gaskiya ne in an zuba yuriya ranar da hadari ya rufe gari an yi asara? Ko dai in ƙara wa wajen buhu bana?"

Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. Kada ka ƙara wa wajen nan ko mudu ɗaya. Masarar ba yunwar taki take ji ba, haske ne bai ishe ta ba. Duhun koren da ka gani yana nuna takin ya shiga jikinta, ga shi kuma ganyen da ya tashi a inuwa dama yakan ƙara kore don ya tsinci ɗan hasken da ke ratsowa. Ƙanƙantar goyon ita ce ke faɗa maka abin da ya rage. Masu awon kuma ba su yi maka ƙarya ba, sai dai adadin da suka ba ka yana da ruɗi, zan zo kansa.

Mu fara bin yuriyar daga hannunka. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato sinadarin da shuka ke nema a cikin takin, domin kashi 46 cikin 100 ne. Idan ta sauka a ƙasa mai laima da ɗumi irin tamu, cikin 'yan kwanaki takan narke ta koma amoniya. Daga nan ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su kama ta, cikin mako ɗaya zuwa biyu su mayar da mafi yawanta wani sinadari da ake kira naitiret. Shi ne abin da saiwar masara da dawa da gero ta fi sha a gonar tudu. To ga inda gizo ke saƙar: shuka ba ta iya gina furotin da naitiret kai tsaye. Dole sai ta sake mayar da shi amoniya a cikin jikinta. Wato aikin da masana'antar taki ta yi a Eleme ko Lekki, inda aka ƙona iskar gas aka samar da amoniya, ƙwayoyin ƙasa sun warware shi, shuka kuma sai ta sake yin sa da kanta. Ita ba ta da gas. Rana ce makamashinta.

A masara, mafi yawan wannan aiki a ganye ake yin sa, kuma hawa biyu ne. A hawa na farko, wani enzayim, wato ɗaya daga cikin sinadaran da ke tafiyar da ayyuka a jikin mai rai, yakan mayar da naitiret ya zama naitirayit. A hawa na biyu, naitirayit ɗin yakan shiga cikin ƙananan korayen ɗakunan ganye, waɗanda a cikinsu ake kama hasken rana, a can a mayar da shi amoniya. Hawan farko yana cin ƙwayar lantarki 2, na biyu yana cin 6, jimla 8 a kan kowane ƙwayar naitiret guda. Waɗannan 6 na hawa na biyu kai tsaye daga hasken da ya faɗo a kan ganye ake samo su, ta hannun wani ɗan aike mai suna feredoksin. Ba a ajiye su domin gobe. Haske ya sauka, aiki ya tafi. Haske ya ragu, aiki ya ja baya.

Shuka ma ba ta jira sai abin ya ɓaci. Naitirayit guba ne gare ta idan ya taru, saboda haka da zarar duhu ya shigo, cikin 'yan mintoci takan kulle enzayim ɗin hawa na farko, kada ya ci gaba da turo abin da hawa na biyu ba zai iya karɓa ba. Gari ya waye, ta buɗe shi. Idan an jera kwanaki cikin lumshi, ko shukar tana zaune a inuwa dindindin, har yawan enzayim ɗin da take ƙerawa yakan ragu. Saiwa kuwa ba ta daina sha nan take ba, sai naitiret ɗin ya yi ta taruwa a kara da jijiyoyin ganye. Kamar gidan injin niƙa ne ranar da aka ɗauke wuta: yara na ta kawo kwanuka suna jerawa, layi na ƙara tsawo, amma ba wanda ya koma gida da gari. Ƙara buhun taki a irin wannan wuri ƙara kwano ne a layi.

Ko an samu amoniyar, da sauran aiki. Sai an ɗaura ta a kan wani ƙashin baya na kabon kafin ta zama amino asid, tubalin da ake jera furotin da shi. Wannan ƙashin bayan daga sukarin da ganye ya haɗa da rana ake yanko shi, ɗaurin kansa kuma yana cin ƙarfi. Masana biyu a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, Peter Lea da Ben Miflin, su ne suka bayyana a 1974 cewa babbar hanyar da ganye ke bi wajen wannan ɗauri ita ma da feredoksin take aiki, wato ita ma a jingine take da haske. Furotin abu ne mai tsada ga shuka. Lissafin da masana suka daɗe suna amfani da shi ya nuna giram ɗaya na sukari yakan ba da kusan giram 0.83 na sitaci, amma furotin kusan giram 0.4 kawai. Shi ya sa wake da waken suya ba sa cika rumbu kamar masara a fili ɗaya. Abin da suke zubawa a ƙwaya ya fi tsada.

Shinkafar fadama da ke tsaye cikin ruwa amoniya ta fi sha, ba naitiret ba, to ta tsallake waɗancan hawa biyu. Amma a saiwa take ɗaure amoniyar, da sukarin da ganye ya aiko ƙasa. Ita ma ba ta tsira daga rana ba.

Igiyar kuma biyu ce, kowane ɓangare na jan ɗaya. Haske na sarrafa naitirojin, naitirojin kuma shi ke gina kayan kama hasken. Kowane ƙwayar koren ganye yana da naitirojin 4 a tsakiyarsa, shi ya sa masarar da taki ya yanke wa takan fara rawaya daga tsinin tsohon ganye na ƙasa, rawayar ta bi jijiyar tsakiya ta nufo kara, gefe da gefe kuma su ɗan jima da korensu. Shukar ce ke kwashe naitirojin daga ganyen da ke ƙasa cikin inuwa tana kai wa na sama da ke fuskantar rana. Akwai kuma enzayim mai suna rubisko, wanda ke kama iskar kabon. A ganyen shinkafa da alkama shi kaɗai yana riƙe da wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na naitirojin ɗin ganye. A masara da dawa da gero bai fi kashi 5 zuwa 10 ba, domin su suna da wata dabara ta tattara iskar kabon wuri guda, wadda masana ke kira C4. Wannan dabara ce ta sa suke haɗa abinci mai yawa da taki kaɗan, kuma ba sa ƙoshi da haske da wuri. Rana na ƙara ƙarfi, suna ƙara aiki. Amma dabarar tana cin ƙarfi na musamman, ribarta a rana mai ƙwalla take. Ka sa masara ƙarƙashin mangwaro, ka raba ta da abin da ta fi kowa iyawa.

Yanzu ga batun awon da aka yi maka. Masu awo ba furotin suke ƙirgawa kai tsaye ba, naitirojin suke aunawa su ninka shi sau 6.25, su ba ka kashi cikin ɗari. Kashi cikin ɗari kuwa rabo ne tsakanin abu biyu, furotin da sitaci, kuma hanyar da kowannensu ke bi ya shiga ƙwaya daban ce. Sitaci, wanda shi ne wajen kashi 70 na ƙwayar masara, kusan duka daga sukarin da ganye ke haɗawa bayan fitar gemu yake zuwa, rana ta yau ta cika ƙwaya ta yau. Naitirojin ɗin ƙwaya kuwa babban kasonsa ajiyayye ne tun kafin nan, a ganye da kara. Shuka ce ke farfasa furotin ɗin tsofaffin ganyaye tana tura shi sama. A masara wannan ajiya takan kai rabi ko fiye, a alkama ta zarce haka sosai. To idan inuwa ta danne shuka lokacin cika, sitaci ne ke shan kashi, naitirojin kuwa yana ta shigowa daga ajiya. Ƙwaya ta fito a motse, mara nauyi, kason furotin ya hau.

Ɗauki misali da lissafi, ba na gonarka ba, don dai a ga abin. Hekta ta ba da buhu 40 masu kilo 100, furotin kashi 9: ka kwashi kilo 360 na furotin. Wata hektar ta ba da buhu 25, furotin kashi 11: kilo 275. Ta biyun ce za ta burge mai awo, ta farkon ce ta fi furotin da kilo 85, ban da buhu 15 na abinci. Kai kuma mai kaji ne, ka san ba don furotin ake sa masara a haɗi ba, don ƙarfi ake sa ta. Furotin aikin waken suya ne da tunkuzar gyaɗa. Motsattsiyar ƙwaya dusa ta fi yawa a cikinta, gari kaɗan.

Kuma ba kowane furotin ne furotin ba. Idan naitirojin ya yi wa ƙwayar masara yawa, mafi yawan ƙarin yakan tafi ne ga wani nau'i da ake kira zeyin, wanda ke da ƙarancin amino asid biyu da kaza da yaro ke matuƙar buƙata, laisin da tiriftofan. Dawa ma haka take da nata, kafirin. Taki da rana suna iya motsa yawan furotin, ingancinsa kuwa a iri yake. Wanda ke neman inganci sai ya nemi irin masarar da aka kyautata furotin ɗinta, wadda aikinta ya kai Surinder Vasal da Evangelina Villegas na cibiyar CIMMYT ta Meziko ga samun babbar kyautar abinci ta duniya a 2000. Obatanpa da aka fitar a Ghana a 1992 tana cikinsu, ita ce cibiyar IAR ta Samaru ta fitar a nan da sunan Sammaz 14.

Maganar zuba yuriya ranar hadari kuwa, camfi ne da aka gina a kan rabin gaskiya. Yuriyar da ka zuba yau ba yau shuka za ta sarrafa ta ba, sai bayan kwanaki, saboda haka lumshin ranar zubi bai da wani tasiri. Abin dubawa shi ne ƙasa. Ta kasance da laima, a tona a binne takin ɗan nesa da gindi, a rufe. Yuriyar da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa mai zafi wani kasonta iska yake bi. Haɗarin da ke cikin hadari ruwansa ne: naitiret ba ya manne wa ƙasa, ruwa kamar da bakin ƙwarya a jigawa yakan wanke shi ya wuce inda saiwa ke kaiwa, a ƙasar da ruwa ke kwanciya kuma ya koma iska. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na naitirojin ɗin da ake zuba wa hatsi ke dawowa cikin amfanin da aka girbe. Wannan ne dalilin raba taki biyu, NPK a makonni biyun farko, yuriya a mako na huɗu zuwa na shida.

Inda lumshi ke cutarwa da gaske shi ne lokaci. A masara, makonni biyu kafin fitar gemu da biyu bayansa su ne ke yanke yawan ƙwayar da goyo zai riƙe. Shuka kan auna sukarin da ke hannunta, in bai isa ba ta zubar da ƙwayoyin ƙarshe. In da sauran goyon gefen gabas ɗin nan, ɓare ɗaya ka duba: gindi a cike, tsakiya da dama-dama, tsinin kuwa totuwa ce zalla da 'yan fararen ƙwayoyi da suka shanye tun suna ruwa. A ƙasar Gombe, masarar da aka shuka a Yuni takan shiga wannan gaɓa ne a Agusta, watan da ya fi kowane ruwa da gajimare. Ba mu da iko da sama. Amma wanda ya cunkushe shuka, ko ya bar reshe ya rufe ta, ya tara mata inuwa biyu a daidai lokacin da ba ta da rarar haske.

Cunkoso ya fi bishiya ɓarna a ganina, don shi ba a ganinsa a matsayin inuwa. Ganye yakan shanye jan haske ya bar wani mai duhun ja ya wuce ko ya koma gefe, shuka kuma tana da abin da take jin wannan canji da shi. Tun kafin maƙwabciyarta ta rufe ta, ta san tana kusa, sai ta fara rige-rigen tsawo. Kara ya yi siriri, gaɓa ta yi nisa da gaɓa, saiwa ta yi ƙaranci, goyo ya hau can sama. Iskar farko mai ƙarfi ta kwantar da su, wasu kuma su tsaya ƙyam ba goyo sam. Ciyawar da aka bari ta kai makonni uku ko huɗu ba a yi noman firi ba, ita ma wannan saƙon take aika wa masara, ban da takin da take sata. Tazarar da aka saba ba da shawara ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami a bar ɗaya, ko 50 a bar biyu. Duka biyun suna ba da tsiro wajen 53,000 a hekta. Yara in an bar su da iri a kwano sukan zuba uku huɗu a rami, in ba a bi an cire ba kuwa an ninka adadin.

Bishiya kuma ba duka ɗaya ba. Kakanninmu da suka bar gawo a tsakiyar gona sun san abin da suke yi: yakan zubar da ganye da damina ya bar rana ta sauka, ya yi kore da rani, ga ganyen da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa sun zama taki. Darbejiya da mangwaro kuwa da damina suka fi duhu.

Akwai wata al'ada da nake so a rage, figar ganyen dawa da masara a kai wa dabbobi tun hatsi bai ƙosa ba. Busasshen ganye na can ƙasa ya gama aikinsa, a ɗauka. Amma ganyen da ke gindin goyo da waɗanda ke samansa su ne ke cika ƙwaya da sitaci, kuma su ne rumbun naitirojin ɗin da za a tura mata. Wanda ya fige su kore ya ciyar da tunkiya da hatsin gidansa.

Tunda an zo kan dabbobi, ga gargaɗi. Naitiret ɗin da ya taru bai samu sarrafawa ba a ƙasan kara ya fi yawa, musamman a gonar da ta sha taki sannan ta gamu da lumshi mai tsawo ko fari, kuma ya fi yawa da sassafe bayan an kwana ba aiki. A tumbin saniya yakan koma naitirayit, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iska. Dabba ta yi ta haki, in an yanka a ga jinin ya yi ruwan ƙasa. Wannan daban yake da gubar gyauron dawa da makiyaya suka sani, ko da yake ita ma yawan taki da fari suna ƙara ta. In za ka yanka ɗanyen karan wajen inuwar nan ka ba dabbobi, ka yanka da la'asar bayan an sha rana, ka bar gindin a gona, kuma ka haɗa da wani abincin.

Masu noman rani a Dadin Kowa da Balanga suna ganin ɗaya fuskar al'amarin. Shinkafar rani, in ruwa ya wadata, takan fi ta damina amsa taki da cika ƙwaya, domin sama a buɗe take. Binciken cibiyar shinkafa ta IRRI a Filifin ya nuna inuwa ta fi rage amfani idan ta faɗo lokacin da shinkafa ke ɗaukar ciki, sai lokacin cika, mafi sauƙi kuma tana ƙarama. Alkama kuwa, hazon Disamba da Janairu yana rage mata haske, amma sanyin da ke tafe da shi ya fi mata amfani. Abokin gabarta zafin Maris ne. Wadda aka makara ba a shuka ba daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, zafi kan katse mata cika, ta fito a motse da furotin mai yawa a takarda, irin abin da ya same ka. Mai son alkamar burodi ta gaskiya, cikakkiyar ƙwaya mai furotin, yakan ajiye wani kaso na yuriya ya ba ta dab da fitar kai, lokacin da ganyen sama ke da kore da rana ta sarrafa shi.

Ga abin da zan yi da gefen gabas ɗin in nawa ne. A sassabe rassan darbejiyar da suka leƙo gona kafin ruwa ya sauka, don suna tare wa shuka hantsi gaba ɗaya. Iya inda inuwar mangwaro ke kaiwa da tsakar rana, a fitar da shi daga lissafin masara, a daina ɓarnar taki a kansa. Sauran wajen a shuka shi da igiya mai ƙulli, a bi bayan mako biyu a cire rarar tsiro, a ba shi taki daidai da na sauran gona. Da kaka ka ware kunya goma daga can da goma daga tsakiya, ka sussuke kowanne daban, ka ɗora a sikeli kafin ka kai wa masu awo, sannan ka ninka nauyin da kason da suka ba ka.